Rasuwar 'Yar Ja, Filas ɗin Lukuman Mai Turi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in za a faɗi gaskiya fiye da rabinsa haushi ne, Malam Lukuman Jibirin Kara, mai tura wa mutane fina-finai a waya a bakin kasuwar Gwarzo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan ciniki na Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu rasuwar filas ɗinsa, wadda aka fi sani da 'Yar Ja. Ta rasu mako huɗu da suka wuce, ranar kasuwa, da misalin ƙarfe biyu na rana, a cikin injin niƙan Sammy, tana da shekara uku da 'yan watanni a duniya. Ba ta yi jinya ba. Lafiyarta lau aka kashe ta, kuma duk waɗanda hannunsu ya taɓa ta a ranar alheri suka yi niyya. Wanda ya jawo abin kuwa ko sauka daga mota bai yi ba.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, 'yar ƙaramar ma'ajiya ce da ake sokawa a kwamfuta ko akwatin kallo. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Ja ce jawur, tana da murfi, da wani baƙin zare da Lukuman ya ɗaura wa murfin yake rataye ta a wuya ta ƙarƙashin riga, har mutane da dama suka ɗauka laya ce. Ba ta da surutu. In an soka ta, kwamfuta ta ce "tulun", 'yar fitilarta ta yi ƙyaf-ƙyaf sau uku, shi ke nan ta kama aiki. Ta yi zama a shagon da kowane memori ke shigowa da cutarsa, na Durun da na Unguwar Tudu da na direbobin tasha, amma ko sau ɗaya ba ta kwasa ba. Ta taɓa faɗawa cikin bahon wanki, aka shanya ta a kan rufin kwano wuni guda, washegari ta ce "tulun" kamar ba a yi ba. Ita ke zuwa Kano ta ɗauko sababbin fina-finai ta kawo shago, ta sauke, ta koma. Ba ta taɓa cinye kayan wani ba.

Amma ba don wannan ake makokinta ba. Filas irinta cike take a kasuwa. Akwai amana ɗaya da ta riƙe, kuma dole a koma baya kaɗan kafin a gane ta.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu samari suka zo Kara, ƙauyen su Lukuman, da mota ɗaya da kyamara ɗaya za su yi fim. Shugabansu Nata'ala ne, ɗan Durun, wanda a lokacin bai zama Alhaji ba, silifa ce ma a ƙafarsa. Suna neman manomin da jarumin fim zai tsaya ya tambaya hanya, sai suka hangi Malam Jibirin, mahaifin Lukuman, yana huɗa da shanunsa biyu. Aka ce ya nuna hanya da hannu kawai, ba sai ya yi magana ba. Jarumi ya taho da takalminsa mai tsini ya nufi gyaɗa kai tsaye. Malam Jibirin ya manta da kyamara, ya tsayar da shanu, ya ce da shi da muryar nan tasa mai kauri:

"Ka bi ta gindin ɗorawar nan. Kada ka taka mini shuka."

Aka yi dariya, aka bar maganar a fim. Aka ba shi goro biyu. Sunan da aka rubuta a kwalin kaset ba wanda ya riƙe shi, a nan fim ɗin Kara ake ce masa. Bayan shekara huɗu Malam Jibirin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bai bar hoto ba sai na katin shaida, wanda ruwa ya riga ya cinye masa fuska. Kaset ɗin da gidan ya saya, na orijina, da kuɗi, bidiyo ta taune shi wata rana ta yi aman zarensa. Daga nan matarsa, Inna Marka, ba ta ƙara jin muryarsa ba.

Lukuman ya nemi fim ɗin nan ta hanyar halal har ƙafarsa ta gaji, kuma wannan sanarwa tana so a ji haka da kyau. Ya zaga shagunan Kano, kowa ya ce tsohon kaya ne, ba a bugawa. Ya je ofishin Alhaji Nata'ala sau uku. Sau uku ana ba shi benci, sau uku ana ce masa za a sake fitar da shi a faifai kwanan nan, a yi haƙuri. Kwanan nan ɗin ya ci shekara tara. Daga baya ya gano wani Bahaushe mazaunin Sudan ya ɗora fim ɗin a intanet daga nasa tsohon kaset. Kwana huɗu Lukuman yana hawa rufin shago, inda sabis ke ɗan kamawa, rana na dukan ƙeyarsa, har fim ya sauka cikin 'Yar Ja.

Wani da tuni ya rufe bakinsa. Lukuman kuwa sai ya tafi wajen malamin masallacinsu ya tambayi hukunci, aka ce masa haƙƙin ɗan Adam mai shi kaɗai ke yafewa. Ya ɗauki kuɗinsa ya koma ofishin Alhaji karo na huɗu, ya ce ya zo biya. Sakatare ya ce Alhaji ba ya sayar da fim ƙwaya ɗaya kamar goro, sannan ya tambaye shi a ina ya samu. Bawan Allah ya faɗa, har da rubuta masa adireshin a takarda. Kafin mako ya zagayo an sa an sauke fim ɗin daga intanet. Faifan da aka yi alkawari kuwa har yau yana hanya.

Duk da haka Lukuman ya yi wa kansa alkawari cewa wannan fim guda ba zai tura wa kowa ba sai mai shi ya fitar da na orijina. Bai iya sayar da ubansa a bakin kasuwa ba, kuma yana jin kunyar haƙƙin. Mutanen Kara sun roƙe shi, waɗanda gidajensu suka fito a fim sun roƙe shi, ya ƙi, har wasu suka daina gaishe shi. Kwafi biyu ne a duniya da ya sani, ɗaya a kwamfutar shago, ɗaya a cikin marigayiya.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya hau babur ya tafi Kara, ya soka ta a ɗan akwatin kallo mai batir a ɗakin Inna Marka. Inna ba ta damu da soyayyar jarumi ba, ba ta ma san ƙarshen labarin ba. Minti na arba'in da ɗaya take so. Shanu su tsaya, Malam ya juyo, ya faɗi maganarsa, ita kuma ta gyara mayafi ta amsa masa da "To Malam, an ji." A mayar, a sake, sau uku, sannan ta tashi ta zuba wa ɗanta abinci. Shekara uku ana haka, Juma'a ba ta taɓa faɗuwa ba.

Lukuman ba ya neman a wanke shi. Ya san sunan da ake kiran sana'arsa a rediyo, satar fasaha, kuma bai taɓa cewa ƙarya ake yi masa ba. Ya san akwai masu kyamara da masu waƙa da ke kwana da yunwa saboda irinsa. Abin da ke ci masa rai shi ne a hau kujera a Kano a ce mutanensa masu son banza ne. Wane son banza? Matar da ke cikin gida a Unguwar Tudu, wadda ba ta da damar leƙa gidan kallo, take ƙulle memori tare da kuɗinta ta aiko, ita ce mai son banza? Biya take yi, ba roƙo take ba. A nuna mata ƙofar da za ta kai wa mai fim kuɗinsa mana. Silima babu a Gwarzo, babu a Kabo. Shagon orijina yana Kano, kuɗin mota ya ninka na faifan, a shekarar da magidanci ke komawa gida da rabin cefane. In ka daure ka je, a ce ya ƙare. In ka samu ka dawo, faifai ya maƙale a tsakiya, amarya ta buɗe baki ta tsaya a haka har gobe. Suka ce to a kalla a intanet, a biya da katin banki. Wane kati, wane sabis, sai an hau rufi? Mutum ya rufe shagonsa, ya tafi da makulli, sannan ya dawo da bulala yana tambayar me ya sa aka saya a maƙwabta. Wannan ba ƙaramin rainin hankali ba ne, kuma Lukuman ya sha faɗa wa duk wanda ya zauna a bencinsa.

Ga yadda ajali ya zo. Injin niƙan Kara ya daina aiki saboda tsadar dizal, don haka Lukuman ke ɗauko wa Inna masararta, surfaffiya busasshiya, ya kawo wa Sammy, maƙwabcin shagonsa. Sammy haifaffen Gwarzo ne, iyayensa 'yan Filato, kuma injinsa na lantarki ne. To wuta ta kwana goma sha ɗaya ba ta leƙo ba. Bokitai da kwanuka suka yi layi tun daga bakin inji har ƙofar Lukuman, kowane da tsumman da aka ɗaura masa a hannu don mai shi ta gane. Na Inna Marka mai koren tsumma ne, shi ne na goma sha bakwai, daidai ƙafar teburin ɗanta.

Da hantsi motoci biyu suka tsaya. Wani kwamiti ne na masu shirya fina-finai, da jami'ai a bayansu, sun fito kamen masu turi. A gidan gaba na motar farko, gilashi a rufe, Alhaji Nata'ala ne zaune yana danna waya. Lukuman bai yi ta kwamfuta ba, ya san ta tafi. Ya zare 'Yar Ja daga jikinta, ko murfin bai samu ya mayar ba, ya durƙusa kamar zai gyara takalmi, ya cusa hannu cikin masarar Inna har gwiwar hannu, ya bar ta a can. A ransa babu wurin da ya fi nan aminci a faɗin Gwarzo. Bokiti na goma sha bakwai, a garin da ba wuta. Aka kwashe kwamfuta da faifai, aka sa shi a bayan mota aka yi Kano da shi. Kwamfutar an farfasa ta tare da sauran kayan kame a gaban masu ɗaukar hoto, aka tafa.

Wutar da ta kwana goma sha ɗaya tana yawonta, ranar ta ga damar dawowa. Ƙarfe ɗaya ta zo, gari ya ɗauka, mata suka yo wajen inji. Layin Sammy kuwa yana da doka, kowa ya sani. Ba a tsallake shi, ko matar wane ce, sai gidan da aka haihu ko aka yi rashi ko wata masifa ta faɗa. Matan nan, kowace da yara masu jiran tuwo a gida, suka dubi koren tsumma suka haɗa baki suka ce a fara da na Inna Marka, an kama mata ɗa, kada ta haɗa baƙin ciki biyu. Sammy ya ce wannan gaskiya ne. Ya ɗauki bokiti da hannunsa ya juye.

Sautinta na ƙarshe a duniya shi ne "ƙas". Sammy ya ji, ya ɗauka tsakuwa ce, ya yi tsaki ya ci gaba. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ɗaure garin a bayan babur ya kai Kara da kansa, ya zauna ya yi wa Inna jaje, ya ce ta kwantar da hankalinta.

Washegari aka sako Lukuman bayan ya sa hannu a takardu. Ya sauka a tasha ya taho da gudu, ya tarar da ƙofar shagonsa fayau, babu bokiti ko ɗaya. Sammy ya fito da fara'a, gari har a girarsa, yana ba shi albishir ɗin alfarmar da aka yi wa Inna. Lukuman ya zauna a ƙasa, a nan bakin kwata. Da Sammy ya gane abin da ya niƙa, kwana biyu bai kunna inji ba alhali akwai wuta. Wannan sanarwa tana shaida wa duniya cewa ba ruwan Sammy, ba ruwan matan layi. Allah ya saka musu da alheri. Wanda zai yi fushi ya san inda zai kai fushinsa.

Inna Marka ba ta jira an gaya mata ba. Tana tankaɗe ta ga jajayen ɓarɓashi a rariya, da wani ɗan ƙarfe da ya baje kamar an taka shi da mota. Shekara uku tana kallon bakin 'Yar Ja yana shiga akwati, ba za ta kasa gane shi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwalin ashana, ta rufe garin da faifai ta tura ƙarƙashin gado. A wannan tsadar, gari mai kyau haka, amma ta ce ba za ta tuƙa ba, kuma ba za ta zubar ba.

Abin da ya sa sanarwa ta makara shi ne Lukuman bai yarda ba. Ya aika wa mutumin Sudan saƙo ya fi a ƙirga, shiru. Ya bi gida gida a Kara da Durun yana tambayar tsofaffin kaset. A Kabo aka ce wani dattijo yana da shi, har da kwalinsa. Aka nemo bidiyo da ƙyar, aka kunna, sai ga bikin 'yar dattijon, an naɗa a kai tun shekaru goma. Ranar ya haƙura.

Marigayiya ta rasu ta bar murfinta, wanda har yanzu yake aljihun Lukuman, da baƙin zarenta, da ɗan akwatin kallo mai batir da ke zaune a ɗakin Inna ba aikin yi. Ta bar 'ya'ya da jikoki ba iyaka a wayoyin jama'a, tun daga Gwarzo har Kabo har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Duk fim ɗin da Lukuman ya raba ba da izini ba yana nan da ransa, a waya ɗari, a waya dubu, ko an ƙone kasuwa ba zai ɓace ba. Guda ɗaya da ya tsare wa mai shi haƙƙinsa, shi ne babu. Wannan abu yana hana shi cin abinci, kuma bai sami wanda zai yi masa bayaninsa ba.

Cikin waɗanda ta bari dole a ambaci Alhaji Nata'ala, don shi ma maraya ne yanzu, ko da yake bai sani ba sai Asabar da ta wuce. Ranar ya zo Kara da kansa, ya sauka daga mota a wannan karon, da ledar goro da sabulu. Ya gaida Inna, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafa, ya tambayi damina, ya yi wa Malam Jibirin addu'a mai tsawo alhali sai da aka tuna masa sunan. Sannan ya shigo da abin da ya kawo shi. Wai wani kamfani na neman tsofaffin fina-finai zai ɗora a waya, kowa ya biya kaɗan ya kalla da halalinsa, abin da Lukuman ya shekara goma yana roƙo. To da aka buɗe sito, ruwan sama ya shekara yana zuba a kan uwar kaset ɗin fim ɗin Kara, ta yi funfuna ta manne. Sakatare kuma ya tuna akwai wani mai turi ɗan Kara da ya taɓa zuwa biya. Alhaji ya ce abin da ya wuce ya wuce, ai duk ɗaya ake, ko Lukuman zai taimaka da kwafinsa.

Lukuman ya buɗe baki zai zazzage masa abin da ya tara na shekara goma. Inna ta ɗaga masa hannu. Ta shiga ɗaki ta jawo kwanon gari, ta ajiye a gaban baƙo, ta ɗaga faifai.

"Ga shi nan, Alhaji," ta ce. "Da Malam, da shanun, da jarumin naka, duk suna ciki. Ta inda ake kunnawa ne ban sani ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon gari. Ya ce, "Inna, a yafe mini."

"Ni me ka yi mini? Kayanka ne. Ka tsare abinka, ga shi ya tsaru."

Ya tafi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Goron da sabulun suna nan a zaure, ana roƙon ya aiko a ɗauka.

Juma'a huɗu ke nan Lukuman yana zuwa Kara hannu rabbana. A ta jiya Inna ta ce masa muryar ta fara yi mata nisa, tana tuna kalmomin amma kaurin ya gudu, ko zai faɗa mata yadda Malam ke faɗa. Ya gwada. Ya sake gwadawa. Ta ce ba haka ba ne, amma Allah ya yi masa albarka, ta tashi ta zuba masa abinci.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a gonar Malam Jibirin da ke yamma da Kara, daidai inda shanun suka tsaya. Ba za a yi mata salla ba, don ba mutum ba ce, kuma Lukuman bai haukace ba tukuna. Kwalin ashana ne makararta, Sammy ya roƙi a bar shi ya haƙa ramin, an bar shi. Garin kuwa malam ya ce abinci ba a binne shi, don haka Inna za ta watsa wa tsuntsaye da hannunta, sadaka ga Malam. Za a karɓi gaisuwa a wurin, ba zaman makoki, kowa yana da noma. Kada wanda ya zo da memori, shago a rufe yake. Masu kwamiti in sun ga dama su zo, ba za a kore su ba, amma su bar motocinsu a bakin titi su tako da ƙafa kamar kowa, don gyaɗa ta fito.

A bi ta gindin ɗorawa. Kada a taka shuka.